Goggo Mai Riƙon Shagon Keke

Duk wanda ya taɓa kai keken ɗinki gyara layin teloli na tsohuwar kasuwa ya san amsar da ake samu a shagon ƙarshe, wanda ke jingine da katanga. In ka leƙa ka ce, "Ina mai shagon?" sai wata mata siririya, mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare, ta ɗago daga kan keken da take kwancewa ta ce, "Ya fita. Ni ke riƙe masa. Ajiye a nan."

Baƙo yakan ɗauka mai shagon ya je salla ne ko sayen shayi. 'Yan layin kuwa sun san ya fi shekara ashirin da fita.

Dangi suna kiranta Goggo, har da waɗanda ba goggonsu ba ce. A kasuwa Matar Mai Keke ake ce mata, don mijinta ba a san shi da wani suna ba sai Mai Keke. Ita ba ta taɓa kama sunansa ba, ko a gabansa ko a bayansa. Maigidan take cewa, in kuma da yara take magana ta ce Babanku.

Lokacin da aka kawo ta gidansa ba ta san gaban keke da bayansa ba. Shi mutum ne mai surutu, mai waƙa in yana aiki, mai ƙanshin man keke ko ranar da ya yi wanka da sabon sabulu. Ita kuwa mai shiru-shiru ce. Da rana takan kai masa abinci shago, ta zauna a kan benci tana jiran kwano, tana kallon hannunsa. Abu ɗaya ta riƙe daga bakinsa tun a wancan zamanin. In tela ya shigo da kan keke a kafaɗa yana cewa, "Wannan kam ya mutu," sai Mai Keke ya ce, "Ka buɗe ka gani? To ni ban buɗe ba, ban gani ba. Ajiye."

Tana goyon Auta ya yi tafiyar. Kayan gyara suka yanke masa, ya ce zai je babban birnin bakin teku ya sayo, kamar yadda ya saba. A hanyar akwai kogi da ake hayewa a jirgin fito. A makon ne wani jirgi ya kife da mutane. An tsamo waɗanda aka tsamo, ba a ga waɗanda ba a gani ba, kuma babu wanda ya rubuta sunan waɗanda suka shiga. Ƙanensa, wanda yara ke kira Baba Ƙarami, ita kuma take kira Dogo, ya bi sawu har bakin kogin. Ya duba gawarwaki, ya shiga asibitoci, ya je wurin 'yan sanda, ya kai har shagunan da yayansa ke sayen kaya. Wani ya ce ya ga mai kama da shi a cikin jirgin. Wani ya ce ya gan shi a tashar mota a tsallake bayan abin ya faru. Dogo ya dawo ya rame, takalminsa ya tsinke, ya zauna a ƙofar ɗakinta ya kasa haɗa ido da ita.

"Ka gan shi?" ta tambaya.

"Ban gan shi ba, matar Yaya."

"A cikin masu rai ko a cikin waɗancan?"

"Ko'ina."

Ta gyara goyonta, ta ce, "To."

Mata suka yi ta zuwa jaje, ba su san ko gaisuwar mutuwa za su yi ko ta ɓata ba, sai su zauna su ce Allah ya bayyana. Manya suka ba ta lokaci, sannan suka fara kawo maganar takaba a hankali. Ta saurare su da ladabi, ta ce a ƙara mata haƙuri. Haka aka yi ta ƙara mata haƙuri har maganar ta tsufa.

Abin da ya fara fitar da ita kasuwa ba neman abinci ba ne, ko da yake shi ma yana tafe. Teloli ne suka fara sallama a ƙofar gida suna neman kekunansu da ke kulle a shago. Wata rana ta ji ɗaya daga cikinsu yana cewa a waje, "Mutum ya karɓi kayan mutane ya yi gaba." Washegari ta ɗauki makulli. Ta ce ba zai dawo ya tarar ana zaginsa ba.

Ta tarar da shagon yadda ya bar shi, sai ƙura. Sukudireba da filaya a jere, ƙananan gwangwanaye cike da kusoshi da noti, bel-bel rataye a ƙusa, tsumman goge hannu a kan kujera. Ta fara da keken da ya fi sauƙi, ta kwance shi, tana jera kowane ƙarfe a kan farin ƙyalle yadda ta ciro shi, don ta san hanyar komawa. Ta ɓata wasu. Ta yi kuka a kan wata ƙoshiya, ƙarfen da ke riƙe zaren ƙasa, da ta ƙi shiga gurbinta. Wani tsohon tela na layin yakan leƙo ya nuna mata da baki, ba ya taɓawa. Kafin Auta ta yi wayo, Goggo ta kai in keke yana tafiya takan ji ciwonsa da kunne, ko allura ce ta karkace, ko haƙori ne ya cinye, ko zare ne kawai ba a ja daidai ba. Ba ta sallamar mai keke sai ta sa tsumma a ƙarƙashin allura, ta taka, ɗinki ya fito sumul gaba da baya a kan idonsa.

Keke ɗaya ne ba ta taɓa ba. Wani tsohon baƙin kan keke ne da Mai Keke ya buɗe ya zuba kayan cikinsa a faranti, ya ce mata ranar da zai tafi, "Kada kowa ya taɓa wannan, don shi zan sayo ƙarfen." Mai shi bai taɓa zuwa nema ba. Ta ɗora shi a kan kantar shagon can sama, shi da farantin, ta rufe da ƙyalle. Duk ƙarshen mako takan sauke, ta goge, ta ɗiga mai, ta mayar.

Da wannan shago ta ciyar da yara, ta aurar da manyan, ta kai Auta har ƙarshen sakandare. Maƙwabciyarta a layin, Mai Zare, wata ƙatuwar mata mai dariya kamar ana zuba tsakuwa a bokiti, takan tsokane ta.

"Ke dai in bawan Allahn nan ya dawo, sai ya nemi aiki a wurinki. Yaron shago za ki ɗauke shi ko ɗan aike?"

"Kujerarsa tana nan," in ji Goggo. A kan bencin take aiki, kujerar tsumma kawai ake ajiyewa a kai.

Ana nan, sai hukumar gari ta ce za a rushe tsohuwar kasuwa a gina sabuwa mai bene. Jami'in kasuwa ya bi layi-layi yana bayani. Duk mai shago za a ba shi wani a sabuwar, amma wanda sunansa ke rajista shi zai zo da ƙafarsa. In ya rasu, magadansa su kawo takardar shaidar rasuwa. Ya iso shagon ƙarshe ya tsaya yana sosa ƙeya, don tun yana yaro yake ganinta a wurin.

"Mama, sunan Baba ne a rajista."

"Na sani. Ni ke riƙe masa."

"Wallahi na sani, Mama, kowa ya sani. Amma ba ni da gurbin rubuta haka. Ko mai shago ya zo, ko magaji ya zo. Ki je kotu. Shekarun da doka ta yanka wa wanda ya ɓata sun wuce tuntuni. Rantsuwa kawai za ki yi, alƙali ya ba ki takarda. Amma ki hanzarta, kafin damina za a rufe rabon."

Da yamma Dogo ya zo gida. Ya tsufa shi ma, gemu ya yi fari, amma wasan da ke tsakaninsa da matar yayansa bai tsufa ba.

"Uwargida, ran ki ya daɗe. An ce gwamnati ta gaji da ganin wannan akurkin naku."

"Akurkin da ya biya maka kuɗin asibiti lokacin da ka faɗo daga babur kana kallon 'yan mata?"

"Sharri! Rami na kauce wa." Ya yi dariya, dariyar ta mutu da wuri. Ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. "Matar Yaya, na tambayi lauya. Ya ce ko ni ma zan iya shigar da maganar, a matsayin ɗan'uwa. Amma ba zan kashe Yaya a bayan idonki ba. In za a yi, ke za ki yi, ni in tsaya a bayanki."

Auta tana bakin ƙofa tana ninke wanki. Ta ajiye rigar da ke hannunta.

"Umma, ni ban san shi ba. Hoto na sani. Shagon nan shi ne ya yi mini uba. Yanzu za ki bari a ɗauke shi saboda kalma ɗaya?"

Goggo ta dube ta, ta daɗe tana dubanta. Abin ya fi zafi da yake yarinyar goshin ubanta ta ɗauko.

Mai Zare ce ta kawo labarin hukumar. Rediyonta ba ya mutuwa, tun safe yake magana a tsakanin kwalayen zare. Ta faɗo shagon tana haki.

"Ke, taso! Allah ya kawo miki mafita. Wai akwai wasu manya, Hukumar Gyaran Dokoki, za su zauna a zauren taro na gari. Dokar mutanen da suka ɓata za su gyara. Sun ce duk wanda abin ya shafa ya zo ya faɗi damuwarsa."

"Gyarawa za su yi?"

"Da kunnena na ji."

Goggo ba ta san aikin irin wannan hukuma ba, amma ta san aikin gyara. Mai abu ya kawo, ya faɗi inda yake masa ciwo, a buɗe a gabansa, in aikin ƙarami ne ya jira, in babba ne a ce masa ya dawo jibi. Haka ta ɗauka. Har lissafi ta yi a ranta cewa ko da manya ne masu yawan aiki, ai ba za su wuce mako biyu ba, kuma damina da saura.

Ranar zaman ta kulle shago da safe, abin da 'yan layi ba su taɓa gani ba in ba rasuwa aka yi ba. Ta sa atamfarta ta zuwa biki, Auta ta raka ta ba da son ranta ba. Zauren dogo ne, an jera kujerun roba, fankoki suna juyawa a sama, ɗaya yana ƙara, har ta ji a ranta cewa mai yake so. A gaba an shimfiɗa farin ƙyalle a kan dogon tebur, an jera robobin ruwa. Mutum biyar ne a bayansa. Na tsakiya wani tsohon alƙali ne da ya yi ritaya, mai karkato da kunne ɗaya in ana magana. A gefe wata matashiya, sakatariyar hukumar, tana kula da na'urar ɗaukar magana. Ita ce ta sanar cewa kada kowa ya ambaci suna, ko nasa ko na wanda ya ɓata, don abin da aka faɗa zai shiga rahoto.

Goggo ta yi mamakin yawan jama'a. Shekara da shekaru tana ganin ita kaɗai ce. Wani dattijo ya tashi ya ce ɗansa ya tafi neman aiki ƙetare, gonarsa ta zama daji, ba mai ikon bayar da ita aro. Wata yarinya mai goyo ta ce banki ya ƙi sauraronta. Wani lauya ya yi dogon jawabi har tsohon alƙalin ya duba agogo. Mutane suna magana, na kan tebur suna rubutu. Ta lura ba a ce wa kowa ga ranar da zai dawo ba, sai ta ɗauka a ƙarshe za a faɗa gaba ɗaya.

Da layi ya zo kanta, ta riƙe abin maganar nesa da baki, ya yi ƙara, sakatariyar ta taso ta gyara mata. Ta faɗi tafiyar, da jirgin, da shagon, da maganar jami'in kasuwa. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma tsawaita ba.

Tsohon alƙalin ya karkato. "Hajiya, ki gafarce ni, tambaya ce mai nauyi. Kina ganin yana da rai?"

"Ranka ya daɗe, ban ce yana da rai ba. Ni ba yarinya ba ce, na san kogi. Wata rana nakan tashi in ji a jikina ba ya duniya. Wata rana in ji sallama a ƙofa gabana ya faɗi. Ban sani ba. An ce in ɗaga hannu in rantse ya mutu. Ban gani ba. Yaya zan rantse a kan abin da ban gani ba?"



Wata mata a kan teburin, malamar koyar da shari'a, ta ce, "Mama, akwai abin da muke ta muhawara a kai a tsakaninmu tun kafin mu zo. Da a ce doka za ta bar kotu ta naɗa wani ya kula da kayan wanda ya ɓata, ya sa hannu a madadinsa, ba tare da an ce ya mutu ba, zai ishe ki?"

"Ai shi nake yi, 'yata. Rubutawa ce kawai ba a yi ba."

Wani mai ƙaton tabarau a ƙarshen teburin ya gyara murya. Ya ce shi tsoronsa kada wanda aka ba riƙo ya cinye kayan, mai shi ya dawo ya tarar da fili. Ya ce ba kowa ne kamar wannan baiwar Allah ba. Goggo ta jinjina kai, don ta san gaskiya ya faɗa, ta ga irinsu a layi. Ta ce, "To a riƙa zuwa ana dubawa mana." Ya rubuta, bai nuna ya gamsu ba.

Alƙalin ya yi mata godiya, sakatariyar ta miƙo hannu za ta karɓi abin maganar. Goggo ba ta saki ba.

"Ranka ya daɗe, yaushe zan dawo in karɓa?"

"Ki karɓi me, Hajiya?"

"Gyaran. Kafin damina suka ce za su rufe rabon shaguna."

Wani a baya ya yi 'yar dariya, na kusa da shi ya zungure shi. Auta ta rufe fuska da mayafi. Tsohon alƙalin ya cire tabaraunsa ya ajiye a kan farin ƙyallen, ya daɗe yana kallonsa.

"Hajiya, laifinmu ne da ba mu yi bayani sosai ba. Nan ba kotu ba ce, kuma mu ba mu da ikon sauya ko harafi ɗaya na doka. Mu saurara muke yi, gari-gari. In mun gama mu zauna mu yi gardama, mu rubuta shawara, mu miƙa wa minista. In ya ga dama ya kai majalisa. In majalisa ta ga dama ta duba."

"Zai kai wata nawa?"

"Ba zan yi miki ƙarya ba. Shekaru ne, in ma an yi. Akwai shawarwarin da muka rubuta gashina yana baƙi, har yau suna cikin kabad." Ya sassauta murya. "In shagon kike so, hanyar da jami'in ya faɗa miki ita kaɗai ce a yau. Ni alƙali ne a da, na sa hannu a irin takardar nan da yawa. Ba wanda zai ga laifinki."

Ta miƙa wa sakatariyar abin maganar da hannu biyu. "Na gode. Allah ya ba ku ikon gamawa."

Suka kama hanyar gida har suka zo mararraba. Auta ta ce, "Umma, yanzu kin ji daga bakin alƙali." Goggo ta ce, "Na ji. Ki gaya wa Baba Ƙarami ya shirya."

Hadari ya fara haɗuwa a gabas ranar da suka je kotu. Ofishin rajista ɗan ƙaramin ɗaki ne mai ƙanshin tsohuwar takarda, fayil-fayil ɗaure da igiya har rufi. Dogo ya sa babbar riga, ya tsaya a bayanta kamar yadda ya yi alkawari, Auta kuma a gefenta. Magatakarda mutum ne mai sauri, ya ga irinsu da yawa. Ya ce zai karanta, ita ta maimaita, sannan ta dangwala yatsa.

Ta maimaita cewa ita matarsa ce. Ta maimaita cewa tun tafiyarsa ba ta gan shi ba, ba ta ji daga gare shi ba, ba ta ji daga wanda ya gan shi ba. Muryarta ba ta yi rawa ba, don duk gaskiya ne.

"Kuma na gaskata a zuciyata cewa ya rasu," in ji magatakarda.

Ta buɗe baki. Ta ga goshin Auta ta gefen ido. Ta tuna layin teloli, da bencin da ya lotsa daidai inda take zama, da hasken da ke shigowa ta saman katanga da hantsi. Ta san abin da za ta rasa, ba wanda ya fi ta sani.

"Mama, maimaitawa kawai za ki yi. Kowa haka yake yi."

"Ɗana, ba za a iya tsayawa a na farkon ba? Waɗancan duk na sani."

"In babu wannan layin, babu takarda."

Ta kalli kwalin tawada a buɗe a kan tebur. Sai ta mayar da hannunta cikin mayafi.

"To a bar shi."

Dogo ya yi ajiyar zuciya mai ƙarfi, ba wanda ya san ko ta takaici ce ko ta sauƙi, wataƙila shi ma bai sani ba. A kan matakala ya share ido da hannun riga ya ce, "Kin sa na ɓata guga a banza, uwargida." Ta ce, "Dama rigar aro ce." Auta ta yi gaba ta bar su.

Amma ranar kwashe kaya Auta ce ta fara isa shagon. Ba ta ce ta huce ba, ba a kuma tambaye ta ba. Ta hau benci ta sauko da baƙin keken nan, ta rungume shi, ta ce, "Umma, ke ki ɗauki farantin, kada wani abu ya zube." Mai Zare ta tsaya a bakin shagonta tana kuka da majina, tana zagin hukumar gari da duk wanda ya haife ta. Aka loda benci da kujera da gwangwanaye a amalanke. Ba a yi mako ba motar rusau ta shiga layin.

Goggo ta kafa bencinta a zauren gida. Wasu teloli suka biyo ta, da yawa ba su biyo ba, don gidan da nisa kuma a sabuwar kasuwa wani saurayi ya buɗe shagon gyara mai fitila da gilashi. Aiki ya ragu, tukunya ta ragu. Ba ta taɓa cewa ta yi nadama ba, ba ta kuma taɓa cewa ba ta yi ba. Sabuwar kasuwar dai ba ta taka ta ba har ta bar duniya. In tana son zare sai ta aika.

Shekaru suka shuɗe. Auta ta yi aure ta haihu. Tsohon alƙalin ya rasu, a rediyo aka ji. Idon Goggo ya yi rauni har sai an zura mata zare a allura, amma kunnenta yana nan. Ta manta da hukumar, ko dai ta daina ambatonta. Sai wata rana da hantsi Auta ta shigo da sauri da goyo, ta ce majalisa ta amince da sabuwar doka a kan waɗanda suka ɓata. Kotu za ta iya naɗa mai riƙon kayansu, kuma za a riƙa bibiyar mai riƙon lokaci-lokaci. An ce shawarar wata hukuma ce da ta daɗe a ajiye.

Goggo ta ajiye sukudireba. "Ashe sun gama."

"Sun gama, Umma. Amma shago ai ya tafi."

"Ya tafi. Gidan nan ma ai da sunansa yake. Kin ga katangar baya ta tsage, an ce ba a ba da izinin sake gini sai mai gida ya sa hannu."

Suka koma wannan ɗakin mai ƙanshin takarda, ita da Auta da Dogo da sandarsa. An sauya magatakarda, wata yarinya ce yanzu. Ta tambayi dangantaka, Goggo ta ce, "Matarsa." Ta tambayi yaushe ya tafi, da abin da ya bari, da wanda ke kula da shi. Goggo tana amsawa tana jiran layin nan. Yarinyar ta juyo da takardar, ta turo kwalin tawada.

"Shi ke nan, Mama. Dangwala a nan."

"Babu sauran tambaya?"

"Babu."

Ta dangwala. Ta daɗe tana kallon shuɗin da ya rage a yatsanta, irin kallon da take yi wa ɗinki in ta gwada keke a kan tsumma.

An gyara katangar kafin damina ta gaba. Goggo ta ƙara 'yan shekaru, ta rasu a ɗakinta bayan gajeriyar jinya, da aurenta. Kafin nan ta sa Auta ta koyi sauke baƙin keken, da gogewa, da inda ake ɗiga mai. Yana nan a zauren a kan wata kanta, farantin yana gefensa, ba abin da ya ɓata a ciki. Jikoki in sun tambaya na wane ne, Auta takan ce ajiyar kakansu ce, ya ce kada a taɓa.